Yadda na ƙirga buhunan Baffa da SQL har riɗi ya zama kala takwas

Baffana yana da sito a kasuwar Dawanau, harkarsa riɗi ne da zoɓo da gyaɗa da wake, wani lokacin har citta in ta samu. Shekara da shekaru a littafi ake rubuta ciniki, irin dogon nan mai baƙin bango, sai wajen shekara biyu da suka wuce wani ɗan'uwanmu ya kawo tsohuwar laftof ya ce ai yanzu kai ya waye a koma Excel. To wayewar dai ita ce yaran shago uku kowa ya buɗe nasa fayil, kowa da irin rubutunsa, babu wanda ya taɓa haɗa su wuri ɗaya.

Ranar wata Asabar na je gaishe shi, bayan mun gama gaisawa sai ya jawo takardar rasit ya juya bayanta ya zana layuka da biro. Ya ce "kai da aka ce ka karanta kwamfuta, takarda ɗaya tak nake so, watanni su jero daga sama zuwa ƙasa, kaya kuma su kwanta a sama, riɗi nan, zoɓo nan, gyaɗa nan, in na sa yatsa a kowane gida in ga buhu nawa ya fita." Na ce "an gama Baffa, zuwa gobe in sha Allahu." Wlh da na san abin da ke gabana da ban ce gobe ba, kwana tara na yi.

Abin da ya zana ɗin nan shi ne ake kira juya tebur, wato bayanan da suke a tsaye layi-layi ka mayar da wasunsu su zama kan kolum. Shi bai san sunansa ba kuma bai damu ba, amma zanensa ya fi bayanin da aka yi mana a aji fita.

Nasan wani zai ce me ya hana ka yi da Excel ɗin kawai tunda yana da nasa abin juya tebur. Gaskiya ne zai yi, layukan ma ba su kai dubu goma sha biyu ba, Excel kuwa yana ɗaukar layi 1,048,576 a shafi guda. Dalilina shi ne na san Baffa, in abu ya yi masa daɗi duk wata zai nema, ni kuma bana son duk wata in zauna ina jan abu da linzami ina mantawa da me na danna wancan karon. Kweri kuwa, wato tambayar da kake rubuta wa rumbun bayanai da yaren SQL, rubutu ne, ka ajiye shi, gobe ka sake kunna shi ya yi maka daidai abin da ya yi jiya. Sai na zaɓi SQLite, wata ƙaramar manhajar rumbun bayanai, don ba ya buƙatar saba ko intanet, duk rumbun bayanan fayil ɗaya ne da za ka iya sawa a filash. Wani Ba'amurke D. Richard Hipp ne ya fara shi a 2000, kuma yanzu haka yana cikin wayar da ke hannunka ko Android ce ko iPhone, manhajoji da yawa a ciki suke ajiye kayansu.

Na mayar da fayil ukun CSV, wato rubutu zalla da waƙafi ke raba gidajensa, na loda su a tebur ɗaya na sa masa suna ciniki. Kolum ɗinsa: lamba, rana, kaya, buhu, kudi, mai_saye. Abu na farko da na rubuta, don dai in ga me muke da shi:

SELECT kaya, COUNT(*) FROM ciniki GROUP BY kaya;

Ga wanda bai saba ba, GROUP BY kamar ka juye buhun hatsi gauraye ne a tabarma ka ce a ware, gero gefe, dawa gefe, masara gefe, shi kuma COUNT ya bi kowane tsibi ya ƙirga. Ina jiran layi biyar ko shida. Layi 41 ya fito min.

Riɗi kaɗai kala takwas. Akwai ridi, akwai riɗi, akwai Ridi, akwai RIDI, akwai rid'i da ɗan alamar nan, akwai RIƊI, akwai wanda aka rubuta da Turanci, sannan akwai wani ridi da na kalla na kalla ban ga bambancinsa da na farko ba har idona ya fara ruwa, ashe sarari ne a ƙarshensa, wani ya danna sifes kafin ya wuce gida na gaba. Zoɓo ma haka, zobo, zob'o, har da soɓo da zoɓorodo. Ita kwamfuta ba ruwanta da abin da kake nufi, abin da aka rubuta take tarawa, harafi ɗaya ya bambanta to a wurinta wani kaya ne daban.

Na ce ai wannan mai sauƙi ne, na sa lower(trim(kaya)), trim ya share sarari, lower ya mayar da manyan baƙaƙe ƙanana. Ya ragu sosai amma RIƊI da GYAƊA da ZOƁO suka ƙi shiga cikin 'yan'uwansu, sai na ga abu kamar riƊi, duk sun ƙanƙance ban da mai lanƙwasar. Na ɗauka ni na yi kuskure, na goge na sake har sau uku. Daga baya na gano lower na SQLite baƙaƙen Turanci 26 kawai ya sani, Ƙ da Ɗ da Ɓ haka yake barinsu sai in an haɗa masa wani ƙari na musamman. Wannan ya ɗan ɓata min rai gaskiya, amma ba shi ne karo na farko da kwamfuta ta nuna ba ta san da zamanmu ba.

Maimakon in yi ta jera replace a cikin replace sai na buɗe ƙaramin tebur na biyu, sunaye, kolum biyu kacal: yadda aka rubuta, da ainihin sunan. Na zauna da hannu na cika layi 41 ɗin nan, ridi riɗi, RIDI riɗi, soɓo zoɓo, haka haka. Akwai guda uku da ban gane ba, ɗaya "fari", ɗaya "na Benuwai", ɗaya kuma "irin na jiya", wallahi haka aka rubuta, irin na jiya. Sai da na kira yaron da ya rubuta, ya yi dariya ya ce fari farin wake ne, na Benuwai riɗi ne, irin na jiya kuma sai an duba ranar da ta gabata a ga me mutumin ya saya. Aikin nan shi ya fi cin rai amma shi ne ya fi amfani a duk abin da na yi, don yanzu in sabon rubutu ya ɓullo layi ɗaya zan ƙara.

Da aka gyara sunaye na ɗauki sakamakon da murnata na tura wa Baffa hoto a WhatsApp. Ko minti biyar ba a yi ba ya kira. "Wannan lambar ta riɗi mene ne?" Na ce buhunan da aka sayar Baffa. Ya ce "a shekara biyu? Ai wannan ko kaka ɗaya bai kai ba, sake dubawa." Ya kashe.

Da gaskiyarsa. COUNT(*) layuka yake ƙirgawa, wato sau nawa aka yi ciniki, ba buhu nawa ba. Mutum ya zo ya ɗauki buhu 200 a tirela layi ɗaya ne, mai buhu biyu a a-daidaita-sahu shi ma layi ɗaya ne. SUM(buhu) ya kamata in sa. Abin kunya ne don na san wannan tun a makaranta, gaggawa ce kawai.

Na sa SUM, a nan ma wata ta fito. Da yake daga CSV na loda, duk kolum ɗin a matsayin rubutu suka shigo ba lamba ba, kuma yaran suna sa waƙafi a kuɗi, irin 1,200,000. SQLite in ya zo tara rubutu irin wannan sai ya karanta daga farko har inda lamba ta tsaya, ya ga 1 ya ga waƙafi ya tsaya, miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu ta koma naira 1. Kuma ba zai yi maka ko tari ba, babu jan rubutu babu gargaɗi, lamba kawai zai miƙo maka kamar komai lafiya. Inda aka rubuta "rabi" a gidan buhu kuma sifili ya ɗauka. Na cire waƙafin da replace, na mayar da kolum ɗin lamba, rabi na mai da shi 0.5, 'yan layukan da aka rubuta da kilo na ware su gefe sai na tambayi nauyin da suke lissafa buhun kowane kaya da shi, don buhun zoɓo da na riɗi ba nauyinsu ɗaya ba ko kusa.

Sai rana. Don a tara wata-wata ana amfani da strftime('%Y-%m', rana), ya ciro shekara da wata kawai. Na kunna, layi ɗaya tal ya fito, gidan wata babu komai, ga duk buhunan shekara biyu a gabansa. Dalili shi ne SQLite yana son kwanan wata a tsarin shekara-wata-rana, 2024-03-04, mu kuma 04/03/2024 muke rubutawa, duk wanda bai gane ba sai ya ba da NULL, wato babu komai, shi kuma GROUP BY duk NULL tsibi ɗaya yake tara su. Na yanka rubutun da substr na sake jera shi. Wani abin haushin, fayil ɗin ɗaya daga cikin yaran a tsarin Amurka laftof ta ajiye masa, wata kafin rana, ban lura ba sai da na ga wata na 13 da na 25 a sakamako. Waɗanda ranarsu ta wuce 12 su suka tona asiri, amma irin 04/03 babu yadda za ka gane Maris ne ko Afrilu sai ka san daga wane fayil ya fito, Allah ya taimake ni ban goge asalin fayilolin ba.

Kwana biyar kenan ban ma fara juyawar ba.

Ita juyawar kanta da na zo mata ba ta ɗauke ni awa ɗaya ba. SQLite ba shi da umarnin PIVOT na juya tebur, MySQL ma ba shi da shi. SQL Server na Microsoft yana da shi tun na 2005, Oracle ya kawo nasa a 11g, PostgreSQL kuma yana da wani crosstab da sai ka kunna tablefunc. Amma akwai tsohuwar hanya da take aiki a kowannensu, kuma ni ta fi kwanta min don kana ganin abin da ke faruwa (ciniki_tsaf shi ne teburin ciniki bayan na gyara shi):

SELECT strftime('%Y-%m', rana) AS wata,
SUM(CASE WHEN kaya = 'riɗi' THEN buhu ELSE 0 END) AS ridi,
SUM(CASE WHEN kaya = 'zoɓo' THEN buhu ELSE 0 END) AS zobo,
SUM(CASE WHEN kaya = 'gyaɗa' THEN buhu ELSE 0 END) AS gyada,
SUM(CASE WHEN kaya = 'wake' THEN buhu ELSE 0 END) AS wake,
SUM(buhu) AS jimla
FROM ciniki_tsaf
GROUP BY wata
ORDER BY wata;

Ka ɗauka yara huɗu ka tsayar a bakin sito, kowa da takardarsa. Duk buhun da ya fito kowa ya kalla, in nasa ne ya rubuta adadin, in ba nasa ba ne ya rubuta sifili, ƙarshen wata kowa ya tara nasa. CASE ɗin nan aikinsa kenan. Layin ƙarshe na jimla kuma shi ne babban yaron da ke ƙirga komai ba ya tambayar na waye, kuma ina ba duk mai yin irin wannan shawara kada ya bar shi, don shi ya nuna min huɗun ba sa kaiwa jimla a wasu watanni, ashe na manta citta da waken suya gaba ɗaya. Matsalar wannan hanyar kenan, kayan da ba ka ambata ba shiru zai ɓace, sai na ƙara kolum na "sauran" da NOT IN.

Wani tarko da na faɗa, na so in ƙara sau nawa aka sayi kowane kaya sai na canza SUM zuwa COUNT na bar ELSE 0 a wurin. Duk kolum suka fito da lamba iri ɗaya sak. COUNT ba ya duba ko sifili ne, duk abin da ba NULL ba ƙirga shi yake, sifili ma ai abu ne. Ko dai ka cire ELSE ɗin, ko ka yi SUM na 1 da 0. Akwai ma salon da ya fi tsafta, COUNT(*) FILTER (WHERE kaya = 'riɗi'), PostgreSQL yana da shi tun 9.4, SQLite kuma daga 3.30 ta 2019, amma na bar CASE ɗina don in na koma wani rumbun ba sai na sake rubutu ba.

Na buga takardar a shagon masu fotokwafi na kai masa. Ya sa gilashi, ya bi da yatsa, ya tsaya a watannin kaka ya gyaɗa kai, ya gangaro damina inda lambobin suka yi ƙasa ya ce haka ne. Sannan ya ce "ina watan da muka rufe?" Akwai watan da aka yi rasuwa a gida kuma aka yi gyaran rufin sito, ba a yi ciniki ko ɗaya ba, to watan bai fito ba sam, daga wanda ke gabansa sai aka tsallake. GROUP BY ba ya ƙirƙiro tsibin da babu ko ƙwaya ɗaya a cikinsa. Shi kuma Baffa so yake ya ga watan da sifilinsa. Sai na yi teburin watanni 24, na fara daga shi na yi LEFT JOIN zuwa ciniki, wato haɗin tebur biyu da ba ya yar da watan da babu ciniki, na sa COALESCE don jimlar da babu komai ta nuna 0 maimakon fanko.

Na ɗauka an gama. Sai ya ce tunda abin yana yi, a fito masa da masu bashi, kowa buhu nawa ya ɗauka, nawa ya biya, nawa ya rage. A nan ne na kusa haɗa faɗa.

Biyan kuɗi a wani fayil daban yake, don mutane da yawa ba sa biya lokaci ɗaya, yau a turo wani abu ta banki, bayan sati biyu a kawo wani a hannu. Na loda shi a tebur mai suna biya, na haɗa shi da ciniki ta lambar rasit, na yi GROUP BY mai_saye, na tara kuɗin kaya na tara abin da aka biya na cire. Don in bar masu bashi kawai na fara sa sharaɗin a WHERE ya ƙi, ya ce ba a sa SUM a nan, sai na tuna WHERE kafin a tara yake tacewa, HAVING ne yake tacewa bayan an tara. Na gyara, sunaye suka fito, na kai.

Baffa ya duba na farko a jerin, wani dattijo ne abokin cinikinsa na shekaru da yawa, ya ajiye takardar ya cire gilashi. Ya ce "wannan bawan Allah buhu 60 ya ɗauka, ni na tsaya aka loda, kai ka rubuta 180. Kuma saura kaɗan ya gama biya. Da na aika masa da wannan takardar da me kake so ya ɗauke ni?" Ban ce komai ba, gumi kawai nake.

Da na koma gida na cire GROUP BY ɗin na kalli layukan tsirara sai ga abin a fili. Mutumin sau uku ya biya, to da aka haɗa tebur biyun sai layin cinikinsa ɗaya ya maimaitu sau uku, kowane biya da kwafinsa, SUM kuma ya tara 60 sau uku. Duk wanda ya biya kashi-kashi an ninka masa kuɗin kayansa daidai yawan zuwansa, wato wanda ya fi ƙoƙarin biya shi na fi ɗora wa kaya. Wanda ya biya sau ɗaya ko bai biya ba sam nasa daidai ya fito, shi ya sa da na gwada mutum biyu-uku a farko ban ga komai ba. Maganin shi ne ka tara biya shi kaɗai tukuna, kowane rasit ya zama layi ɗaya, sannan ka haɗa:

WITH an_biya AS (
SELECT lamba, SUM(kudi) AS biya FROM biya GROUP BY lamba
)
SELECT c.mai_saye, SUM(c.buhu), SUM(c.kudi) - SUM(COALESCE(b.biya, 0)) AS saura
FROM ciniki_tsaf c LEFT JOIN an_biya b ON b.lamba = c.lamba
GROUP BY c.mai_saye
HAVING saura > 0;

Tun daga ranar duk sanda na yi JOIN sai na ƙirga layuka kafin da bayan, in sun ƙaru na san akwai magana. Sunayen masu saye ma sai da na yi musu irin teburin da na yi wa kaya, don mutum ɗaya an rubuta shi da Alhaji, an rubuta da Alh., an rubuta da sunan garinsu kawai, COUNT(DISTINCT mai_saye) yana ce min muna da kwastomomi kusan ninki biyu na gaskiya.

Ƙaramin abu na ƙarshe, kaso cikin ɗari. Na raba yawan cinikin riɗi da jimlar ciniki ya ba ni 0 a ko'ina, saboda a SQLite cikakkiyar lamba in ta raba cikakkiyar lamba ana yar da ɓurɓushin, 37 a raba da 120 sifili ne a wurinsa. Ka fara ninkawa da 100.0 mai ɗigon nan shi kenan.

Na mayar masa da takardar bashin a rana ta tara. Bai karɓa a hannu ba, ya ce in karanto. Ina karantowa yana lumshe ido yana cewa "haka ne... haka ne... wannan ya kawo wani abu shekaranjiya ba a shigar ba... haka ne." Mutum 30 da wani abu, a biyu kawai muka saɓa, duka biyun kuma da aka duba yaran ne ba su shigar ba.

Yanzu na sa wa yaran jerin zaɓi a gidan kaya a Excel ɗin, ba a rubutawa da hannu sai dai a zaɓa, ɗayansu har yanzu yana min ƙorafi wai na hana shi sauri. Shi kuma Baffa da zan tafi ya sake jawo takardar farko ya ce wannan Janairu Fabrairu ɗin ba shi da matsala, amma shi zakkarsa da watan Musulunci yake fitarwa, a sake jero masa daga Muharram zuwa Zulhajji. strftime bai san Muharram ba, kuma ko da lissafi na yi ba lallai ya dace da ranar da aka ga wata a nan ba, don haka yanzu wani teburin nake cikawa da hannu, kowane wata da ranar da Sarkin Musulmi ya sanar da kamawarsa. Na samu na azumi da na sallah biyu cikin sauƙi, sauran nake bin tsofaffin kalandun bangon shago ina nema.